Mutum ya warke, gwaji ya ce bai warke ba

Yayana ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda, kuma yana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da yake rubuta bashi a ciki. A makon jiya muna zaune a shagonsa yana laluben sunan wani da ya daɗe bai biya ba, sai ya faɗa kan wani shafi da ba na lissafin kuɗi ba, ya yi shiru, sannan ya miƙo mini. Layi biyar ne kawai a shafin, sakamakon gwajin korona da aka yi masa, kowanne da kwanan watansa, kuma a cibiyar killace masu korona ya rubuta su a shekarar 2020. Huɗu na farko kalma ɗaya ce a gabansu: akwai. Na biyar ne ya ce babu. Tsakanin layin farko da na ƙarshe kwana 36 ne.

A makon farko na azumin shekarar aka ɗauke shi, yana fama da zazzaɓi da tari da rashin jin ƙanshi. Kafin ya cika kwana takwas zazzaɓin ya sauka, tarin ya lafa, har ya fara ƙorafin cewa abincin ba ya isarsa. Sauran kwanakin duk da lafiyarsa ya yi su, yana wanke kayansa da kansa, yana jiran ranar da za a zo da doguwar audugar nan a tura masa cikin hanci har idonsa ya kawo ruwa, sannan ya sake jiran kwana uku ko huɗu kafin sakamako ya dawo. A can ya yi sallah. Da ya kira Hajiya a waya ranar idi ya ce mata, "Hajiya, wallahi lafiyata lau, takarda ce kawai ba ta sake ni ba," sai ta ce, "To idan lafiyarka lau, da wane laifi suke riƙe da kai?" Babu wanda ya iya ba ta amsa a cikinmu, kuma wannan tambayar ce ta sa na daɗe ina bibiyar maganar.

Ba na ɗora wa ma'aikatan da suka riƙe shi laifi, domin ƙa'idar da ke hannunsu ba ta sallamar mutum sai gwaji ya nuna babu. A watan Janairun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a sallami mai cutar sai ya warke kuma gwaji biyu a jere, da tazarar aƙalla awa 24, sun nuna babu ƙwayar a jikinsa. A lokacin cutar sabuwa ce, kuma wanda bai san zurfin rafi ba ba ya shiga da gudu. Sai dai tun da wuri aka lura cewa wannan sharaɗi yana tsare mutane fiye da yadda aka zata. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a watan Maris na shekarar, kan majinyata 191 a asibitoci biyu na birnin Wuhan, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka rayu, tsaka-tsakin kwanakin da gwaji ya ci gaba da ganin ƙwayar 20 ne, kuma akwai wanda ya kai kwana 37. A nan gida ma an ga misali a fili: gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya sanar da kamuwarsa ranar 28 ga Maris, amma sai ranar 22 ga Afrilu ya sanar da cewa gwaji biyu sun wanke shi.

Gane bakin zaren yana buƙatar a san abin da gwajin PCR, wato wanda ake yi da audugar nan ta hanci, yake nema. Ƙwayar korona tana ɗauke da wani dogon zare na sinadarin gado da ake kira RNA, mai haruffa kusan 30,000, kuma a cikinsa ne umarnin yadda za ta hayayyafa yake. Na'urar gwajin ba ta duba ko ƙwayar tana da rai. Wani ɗan guntu take nema daga wannan zare, wanda bai wuce haruffa ɗari da 'yan kai ba. Idan ta same shi sai ta kwafe shi ya zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, zagaye bayan zagaye har kusan sau 40, kuma abin da aka ninka sau 40 ya haura tiriliyan ɗaya. Wannan ne ƙarfin gwajin, kuma nan ne ruɗanin yake fitowa. Idan mutum ya tsinci yagaggen gefen takardar naira dubu a ƙasan shago, ya tabbatar da cewa kuɗi ya taɓa bi ta wurin, amma wannan guntun ba zai saya masa ko allura ba. Haka guntun RNA yake: shaida ce cewa ƙwayar ta zauna a jikin, ba shaida ba ce cewa tana iya kama wani.

Akwai ma wani adadi da na'urar take bayarwa wanda yawancin majinyata ba su taɓa gani ba, wato yawan zagayen da aka yi kafin a hango guntun. Ma'aikatan ɗakin gwaji suna kiransa Ct. Idan an hango shi a zagaye na 20, ƙwayar tana da yawa ƙwarai. Idan sai a na 35 aka gan shi, abin da ke cikin audugar ya gaza na farkon da ninki fiye da 30,000. Amma a takardar da ake miƙa wa mutum duka biyun kalma ɗaya ce. Likitoci suna taka-tsantsan da wannan adadi, domin yana sauyawa daga na'ura zuwa na'ura da kuma yadda aka ɗauki majinar, amma duk da haka ina ganin da an riƙa faɗa wa majinyata cewa adadin nasu yana hawa daga mako zuwa mako, da zaman jiran ya yi musu sauƙi.

Hanyar da ake gane ƙwaya mai rai daban take, kuma tana da wahala. Ana ɗaukar majinar a zuba ta a kan ƙwayoyin halitta da aka rena a faranti, galibi wani nau'i da asalinsa daga ƙodar biri ne, a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta shiga ta hayayyafa ta kashe su. Wannan aiki yana buƙatar ɗakin gwaji mai tsauraran matakan tsaro, don haka ba a yi wa kowane majinyaci. Masu bincike a Jamus sun yi shi a kan majinyata tara na farko-farko da aka kwantar a birnin Munich, aka buga sakamakon a mujallar Nature a watan Afrilun 2020. A makon farko na ciwon sun tsirar da ƙwaya mai rai daga maƙogwaro da huhu ba tare da wahala ba, amma bayan kwana takwas ba su ƙara samun ko ɗaya ba, alhali gwajin PCR yana ci gaba da nuna RNA mai yawa. A ƙarshen watan Mayu masana a Singafo suka fitar da matsaya mai kama da wannan, cewa bayan kwana 11 ba a iya tsirar da ƙwayar.

Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne na Koriya ta Kudu, domin bai tsaya a faranti ba, ya bi mutane har gidajensu. A ƙasar an sami ɗaruruwan mutane da aka sallama bayan gwaji ya nuna babu, sai daga baya gwaji ya sake nuna akwai, abin da ya tayar da hankali, aka fara cewa ko cutar tana kwanciya ne ta sake tashi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta binciki 285 daga cikinsu, ta bi sawun mutum 790 da suka yi hulɗa da su, iyali da abokan aiki, ba ta sami ko mutum ɗaya da za a ce daga gare su ya kamu a wannan zagaye na biyu ba. An kuma gwada tsirar da ƙwayar daga 108 a cikinsu, babu inda ta tsiro. A watan Mayun 2020 hukumar ta daina ɗaukar irin waɗannan mutane a matsayin masu yaɗa cuta, ta ce su koma makaranta da wuraren aikinsu. Bayanin da ya fi dacewa da abin da aka gani shi ne cewa ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hanyar numfashi, waɗanda cutar ta lalata, ba a rana ɗaya suke zubewa ba. A hankali jiki yake share su, suna fita da ɓurɓushin RNA a cikinsu, wata rana audugar ta ci karo da shi, wata rana ta kuskure.

Da waɗannan hujjoji suka taru sai ƙa'ida ta sauya. A ƙarshen watan Mayu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sallami mai alamun ciwo bayan kwana 10 da fara ciwon, a ƙara aƙalla kwana 3 da ba ya zazzaɓi ko wata matsalar numfashi, ba tare da jiran gwaji ba. A farkon watan Yuni hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Dakta Chikwe Ihekweazu, ta bi sahu, ta kuma sa kwana 14 ga wanda bai nuna alama ba. Takwararta ta Amurka, CDC, ta ƙara da cewa wanda ya warke yana iya ci gaba da nuna akwai har wata uku, don haka kada a sake gwada shi a wannan tsakani idan ba wani sabon ciwo ya taso ba. Yayana ya fito 'yan kwanaki kaɗan kafin sabuwar ƙa'idar ta iso, ke nan da ta riga shi, da a gida zai yi sallah.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a zauna an yi wa jama'a wannan bayani da harshen da suke ji ba. Mutane sun ga hotunan ƙarti majiya ƙarfi suna hira da dariya a cibiyoyin killacewa, an ce musu waɗannan majinyata ne, sai wasu suka yanke hukuncin cewa korona ƙarya ce, hanyar cin kuɗi ce kawai. Wasu kuma suka tafi ɗaya gefen, suka ɗauka cewa wanda ya kwashe sama da wata gwaji yana nuna akwai, to cutar ta zauna masa ke nan. Yaya ya sha wannan. Makonni bayan fitowarsa akwai masu sayen kayansa da suke tsayawa daga bakin shago su nuna turmin atamfar da yatsa, su ajiye kuɗin a kan benci. Alhali nazarin da ya tattara bincike masu yawa, wanda mujallar Lancet Microbe ta buga a ƙarshen 2020, ya nuna cewa ƙwayar ta fi yawa a hanci da maƙogwaro a makon farko na ciwon, kuma duk da an sami wanda gwaji ya ga RNA a hancinsa har kwana 83, babu binciken da ya tsirar da ƙwaya mai rai bayan kwana 9 a cikin waɗanda aka tattara. Ashe lokacin da Yaya yake da haɗari shi ne kwanakin da yake zaune a shago yana cewa mura ce, yana gaisawa da kowa hannu da hannu. Gudun da aka yi masa daga baya ihu ne bayan hari.

A wannan fuskar korona ta bambanta da 'yar'uwarta SARS ta 2003, wadda ƙwayarta ba ta kai ƙololuwa sai wajen kwana 10 da fara ciwo, lokacin da mai ita ya riga ya kwanta a asibiti. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka iya murƙushe waccan a cikin watanni, wannan kuwa ta gagara. Hanji kuma ya fi hanci riƙo. Masu bincike a jami'ar Stanford sun bi mutum 113 da suka yi ciwon mara tsanani, suka ga kusan rabinsu suna fitar da RNA a bayan gida a makon farko, kuma bayan wata bakwai akwai kusan 4 cikin 100 da ba su daina ba. Da wannan ne ƙasashe da dama suke auna yaɗuwar cutar ta hanyar gwada ruwan magudanai, dabarar da ba baƙuwa ba ce a Kano, inda tun 2011 ake ɗibar ruwan kwata ana neman ƙwayar shan inna.

Har zuwa nan maganar toka nake yi, wato abin da ya rage bayan wuta ta mutu. Amma akwai wasu mutane kaɗan da abin da ke jikinsu ba toka ba ne, wutar ƙaiƙayi ce mai ci ta ƙasa, kuma su ne ya kamata hankali ya koma kansu. Wanda ciwon ya yi wa tsanani har aka kwantar da shi yakan daɗe fiye da sauran. A wani asibiti a Rotterdam ta ƙasar Holan an tsirar da ƙwaya mai rai daga wani majinyaci har kwana 20 da fara ciwo. Sai kuma masu raunin garkuwar jiki: masu sankarar jini, waɗanda ake yi wa maganin daji, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna shan magungunan danne garkuwa, da masu ƙwayar HIV da ba ta samu magani yadda ya kamata ba. Jikin irin waɗannan yana iya hana cutar ta kashe su nan take, amma ba ya iya korarta.

Tun kafin korona an ga haka a cutar MERS, wata 'yar'uwar korona, wadda aka fara ganowa a Jidda a 2012 kuma take da alaƙa da raƙuma. Da ta ɓarke a Koriya ta Kudu a 2015 ta kama mutum 186, ta kashe 38, majinyaci na ƙarshe wani matashi ne mai sankarar jini, wanda gwaji ya yi ta nuna ƙwayar a jikinsa fiye da wata biyar. An sallame shi a watan Oktoba, aka mayar da shi bayan kwanaki, ya rasu a watan Nuwamba, kuma sai a watan Disamba ƙasar ta ayyana ƙarshen annobar. A zamanin korona misalan sun yawaita. Wata dattijuwa mai shekara 71 a jihar Washington ta Amurka, mai sankarar jini, ba ta nuna alamar ciwo ba, amma an tsirar da ƙwaya mai rai daga jikinta kwana 70 bayan gwajin farko. A 2022 likitoci a Landan sun ba da labarin majinyacin da ya yi kwana 505 da cutar, sannan a 2024 na Amsterdam suka ba da na wani dattijo mai shekara 72 da ya yi kwana 613, wanda ƙwayar da ke jikinsa ta tara sauye-sauye fiye da 50 kafin rasuwarsa.

Wannan batu na sauye-sauye shi ne ya mayar da maganar ta kowa da kowa. A jikin mai lafiya ƙwayar tana da mako ɗaya ko biyu kafin a fatattake ta, amma a jikin da garkuwarsa take taɓa ta ba ta kashe ta, tana da watanni na gwada sabbin kamanni, wanda ya fi iya zillewa shi ne zai wanzu. A Cambridge ta Ingila, tawagar Farfesa Ravindra Gupta ta bi wani majinyaci na tsawon kwana 101, ta ga yadda nau'in ƙwayar da ke jikinsa yake sauyawa duk lokacin da aka ƙara masa ruwan jinin waɗanda suka warke, kuma ɗaya daga sauye-sauyen da suka gani yana cikin nau'in Alpha da ya bayyana a yankin Kent a 2020. Shi ya sa masana da yawa suke ganin cewa nau'o'in da suka fito kwatsam da tarin sauye-sauye, irin su Alpha da Omicron da aka sanar daga kudancin Afirka a watan Nuwamban 2021, a cikin irin wannan dogon kamu suka ƙyanƙyashe.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na wata mata mai shekara 36 a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, wadda ƙwayar HIV ta durƙusar da garkuwarta saboda maganin da take sha ya daina yi mata aiki. Ta yi kwana 216 ɗauke da korona, ƙwayar ta tara sauye-sauye kusan 30, kuma ba don tana cikin wani bincike da ake gwada ta a kai a kai ba, da babu wanda zai sani, domin ciwon bai tsananta mata ba. Da aka sauya mata maganin HIV, garkuwarta ta farfaɗo, sai jikinta ya kori koronar da kansa a cikin makonni. Nijeriya tana da kusan mutum miliyan 1.9 masu ɗauke da HIV bisa ƙidayar da aka fitar a 2019, kuma kowa ya san yadda kunya da tsangwama suke sa wasu su daina zuwa karɓar magani, ko su tafi wani gari mai nisa don kada a gan su a layi. Ina tsoron kada wani ya karanta wannan ya ƙara samun dalilin ƙyamar su, alhali abin da labarin matar ya nuna akasin haka ne: magani ne ya kashe wutar, kuma tsangwama ita ce take raba mutum da magani. Ko dattijon Amsterdam, ba a sami shaidar cewa nau'in da ya tsiro a jikinsa ya kama wani ba.

Akwai wani yanayi na uku da bai kamata a haɗa shi da waɗannan biyun ba, wato dawowar ƙwayar 'yan kwanaki bayan an ga kamar ta tafi, musamman bayan shan maganin korona mai suna Paxlovid. Hakan ya faru da shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, a watan Yulin 2022, ya koma killace kansa. A wannan yanayin ƙwayar tana iya kasancewa mai rai, amma abin ba ya wuce kwanaki. A nan ne gwajin gaggawa na gida, mai nuna layi ɗaya ko biyu, yake da amfani: ba shi da kaifin PCR, sai ƙwayar ta yi yawa yake ganinta, kuma wannan rashin kaifin ne ya sa sakamakonsa ya fi kusa da amsar tambayar ko mutum yana iya shafa wa wani.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a kan korona, kuma a unguwarmu yanzu babu mai zuwa gwaji don mura. Amma muna da gwaggo da ake yi wa maganin daji, kuma a hunturun bara ta yi tari na kusan wata biyu, yana lafawa yana dawowa, ana ta sayo mata maganin tari a kemis. Da na matsa aka gaya wa likitanta, abin da ya fara tambaya shi ne me ya sa ba a kawo ta tun makon farko ba, ya sa aka yi mata gwaje-gwaje har da na tarin fuka, ya kuma ce duk mai mura a gidan ya daina shiga ɗakinta sai ya warke.

Da na gama yi wa Yaya wannan dogon bayani a shagon, ya karɓi littafinsa ya daɗe yana kallon layukan nan biyar, sannan ya ce, "Ke nan tun daga na biyun nan toka suke ta aunawa?" Na ce masa bisa dukkan alamu haka ne, Yaya. Ya girgiza kai, ya juya shafin, ya ci gaba da neman sunan mai bashinsa.